Ranar da na mayar da 'yan mata biyu mutum ɗaya

Shekarun baya, lokacin da Zangonmu na Wagadugu yake nan da katangunsa da lungunansa, ina aiki a sashen kwamfuta na jami'a. Ban cika talatin ba a lokacin. A zamanin nan, in kana da kwamfuta a ofis kuma ka iya kunna ta ba tare da ka kira kowa ba, to kai wani ne. Ni kuwa har cikinta nake buɗewa, don haka ku ƙiyasta girman kaina da kanku. Mahaifiyata ba ta taɓa gane aikin da nake yi ba. In aka tambaye ta sai ta ce ina gyaran talabijin ɗin gwamnati. Na yi bayani har na gaji, na bar ta a haka.

A wata shekara aka zo da shirin haɗa jami'armu da wata jami'a da ke can yamma, da kuma wata babbar makaranta ta uku. Kowace tana da rajistar ɗalibanta, kowace da irin manhajar da take aiki da ita, kuma babu wadda take jin yaren 'yar'uwarta. Ɗalibi in ya sauya makaranta, sai ya hau mota da takardu a leda yana yawon neman sa hannu. Abin da aka sa a gaba shi ne kowane ɗalibi ya samu lamba ɗaya da kalmar sirri ɗaya, duk makarantar da ya je a san shi ne, ya ga sakamakonsa, a buga masa takardar shaida nan take. Da yake babu makarantar da ta yarda ta jefar da manhajarta, sai ya zama dole mu rubuta wata da za ta zauna a tsakiya, ta karɓi bayani daga kowa, ta juya shi, ta zuba a babbar rajista guda. Turawan da suka zo horar da mu suna da wani dogon suna da suke kiranta da shi. Ni na raɗa mata dillali, tun da kayan ba nata ba ne, tsayawa kawai take yi tsakanin masu kaya. Sunan ya bi ta har wajen waɗanda ba sa jin Hausa.

Ni aka ɗora wa haɗa kan ma'aikatan makarantun uku. Na ɗauka aikin kwamfuta aka ba ni, ashe rabon faɗa ne. Mun yi wata guda cur muna gardama kan garin da babban injin zai zauna. Da aka gama ya zauna a wajenmu, sai mutanen yamma suka ce to wa ya tabbatar musu ba za mu riƙa taɓa bayanan ɗalibansu a bayan idonsu ba. Nan na miƙe na kawo wata doka da na yi alfahari da ita ƙwarai: babu wanda zai gyara shaidar ɗalibi a babbar rajista shi kaɗai, sai makarantun da abin ya shafa sun ga mutumin da takardunsa, kowace ta sa hannu. Aka tafa mini. Na zauna ina ji kamar na sasanta ƙasashe biyu.

Sai aka zo kan tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda muka ba ta lokaci mafi ƙanƙanta. Ta yaya dillali zai gane cewa sunan da ya gani a makaranta kaza da wanda ya gani a makaranta kaza mutum ɗaya ne? Na ce abu ne mai sauƙi. In suna ya zo ɗaya, sunan dangi ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, garin haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya ne, a haɗe su.

Abokin aikina na jami'ar yamma ya ɗaga hannu. Dattijo ne mai sanyin magana, ya yi shekaru yana koyarwa a ƙauye kafin ya koyi kwamfuta da girmansa. Ya ce da ni cikin Faransanci, "Ƙanena, ka manta da masu née vers."

Ga wanda bai sani ba, a ƙasarmu mutane da yawa ba a yi musu takardar haihuwa ranar da aka haife su ba. Sai yaro ya isa shiga makaranta a kai shi gaban hukuma da shaidu biyu, a yi masa wata takarda da muke kira jijman, a rubuta an haife shi wajajen shekara kaza. Babu rana, babu wata. Kwamfuta kuwa ba ta san wajajen ba, sai an cika mata gurbi, don haka duk irin waɗannan a kan sa musu ɗaya ga Janairu. Dattijon ya ce in muka dogara da ranar haihuwa, rabin ɗalibansa rana ɗaya aka haife su. Ya ce a ƙara sunan uba da na uwa.

Na san gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya ƙara ba ni haushi. Tsohuwar manhajarmu ba ta da gurbin sunan iyaye. Kafin a samo su sai an bi fayil-fayil na takarda, aikin watanni, alhali an riga an tsayar da ranar buɗewa, an gayyaci manya daga ma'aikata. Na ce masa kada ya damu, duk sunayen da dillali zai haɗe zan buga su a takarda in bi su ɗaya bayan ɗaya da idona. Na faɗa da irin muryar da ke nuna an rufe magana. Ya dube ni, ya sauke hannunsa.

Kuma na cika alkawari, in har abin da na yi za a kira shi cikawa. Wata rana da azahar, ana zafi kamar me, na zauna da takardun da jan biro, ga kwanon benga, wato wake da shinkafa, a gefe ina ci. Ina cikin bi sai na zo kan wani sunan mace, sunan Hausawa sak, da sunan dangin da kusan rabin Zango ke amsawa. An haife ta a Wagadugu, ɗaya ga Janairu. Tana cikin rajistarmu, tana cikin ta yamma. Na ce a raina wannan ta fara karatu a can ne ta dawo gida, da yawa suna yin haka. Har wani daɗi na ji, na ce 'yar gida ce. Na sa mata alama, na wuce na gaba, ban ko ajiye cokali ba.

Aka yi bikin buɗewa, aka yi jawabai, aka sha zom-kom, ruwan garin geron nan mai zaƙi. Wani babba ya dafa kafaɗata a gaban jama'a. Watanni suka shige lafiya lau.

Wata Litinin da safe aka ƙwanƙwasa ƙofar ofishina, sai ga Ummi. Ummi 'yar maƙwabcinmu ce, Alhaji mai sayar da atamfa, wanda mahaifinsa ya zo daga Kano tun kafin a haifi uwata. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Ni na riƙa kai ta makaranta a bayan kekena tana ƙarama, kuma tun a lokacin ta fi ni kai, ni dai na fi ta surutu. Ta gama shekara huɗu tana karanta sinadaran jikin mutum, ta fito a sahun gaba, har ta samu gurbin ci gaba da karatu a ƙasar waje. Duk Zango an sani. Abin da ya rage mata kawai takardar shaidar kammalawa daga jami'a, ta haɗa da sauran takardunta ta miƙa kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Juma'a.

Ta ce, "Yaya, ordinatar ɗinku ta kore ni daga jami'a."

Na yi dariya na ce ta zauna, kwamfutarmu ba ta korar mutane. Ta ce ta je karɓar atestasiyon ɗinta, wato takardar shaidar, madam ta ofishin rajista ta duba ta ce ita ba ɗalibarsu ba ce, ta yamma ce, kuma can ɗin ma an sallame ta. Na ce ta ba ni katinta. Ta miƙo, na karanta sunan da ke jiki, na sake karantawa.

Na ce, "Wannan sunan wa ne?"

Ta dube ni kamar na zautu. "Nawa mana, Yaya."

Wallahi sai ranar na san sunan Ummi na yanka. Sunan kakarta aka sa mata, mahaifiyar Alhaji, kuma kun san yadda muke. Babu wanda zai buɗe baki ya kira sunan tsohuwar a gidan, ko a maƙwabta. Tun ranar suna aka sakaya, aka ce Ummi, shi ke nan ya bi ta. Shekara ashirin da wani abu ina ganinta kullum, ban taɓa tambaya ba, ban ma taɓa tunanin akwai abin tambaya ba.

Na buɗe rajista, ta zagayo ta tsaya a bayana tana kallon allon. Kafin in gama haɗa lissafin a kaina ita ta gama. Ta ce a hankali, "Uwani ce."

Uwani 'yar ƙanen Alhaji ce. Gida ɗaya aka haife su da Ummi, shekara ɗaya, ita ma sunan kakar aka sa mata aka sakaya da Uwani. Da suka isa shiga makaranta, rana ɗaya baffansu ya kama hannunsu ya kai su aka yi musu jijman. Suna ɗaya, sunan dangi ɗaya, wajajen shekara ɗaya, gari ɗaya. Ita ma na san ta kamar tafin hannuna, kuma na san tana karatu a jami'ar yamma. Abin da ban sani ba, wanda babu wanda ya sani a gida, shi ne ta faɗi jarrabawa sau biyu an sallame ta tun bara. Dillali kuwa na koya masa cewa in labari biyu suka zo kan mutum ɗaya, ya ɗauki na baya-bayan nan. Sallamar Uwani kuwa sai kwanan nan aka shigar da ita rajista, don haka nata ne na baya-bayan nan, sai ya danne na Ummi.

Ummi ta nemi kujera ta zauna. Na zaci maganar gurbinta za ta fara yi, sai ta ce, "Baffa yana can yana gaya wa mutane baɗi za ta gama. Don Allah, Yaya, kada ya ji daga bakinmu."

Na ce ta kwantar da hankalinta, aikin minti biyar ne. Kuma da gaske minti biyar ne, in da hannu kawai ake yi. Na ɗauki tarho na kira dattijon nan na yamma na zayyana masa. Ya saurara har na gama. Ina jira ya ce ai ya faɗa mini, har na shirya amsar da zan ba shi, amma bai ce ba, kuma rashin faɗar ya fi yi mini ciwo. Cewa ya yi shi a shirye yake, amma shugaban sashensu ba zai sa hannu ba sai ya ga yarinyar da katinta da jijman ɗinta. Na ce wace irin magana ce wannan, ana maganar makomar yarinya shi yana maganar ƙa'ida. Ya ce, "Shafi na huɗu ne na dokarmu, ƙanena. Kai ka rubuta."

Na ajiye tarho na ruga wajen madam ta rajista. Na ce tsohon kundi yana nan, sunan Ummi da makinta duk suna ciki, ta rubuta mata takardar da hannu kamar yadda ake yi da. Ta jawo aljihun tebur ta fito da wata takardar umarni ta ɗora a gabana. Daga ranar buɗe sabuwar rajista, duk takardar shaidar da ba daga inji ta fito ba, ba ta da amfani. Ban buƙaci in karanta har ƙarshe ba, domin ni na tsara ta, don in hana su komawa tsohon hali. Ta ce, "Yel ka ye, babu damuwa, ɗana, kawo mini sa hannun shugaba in rubuta maka ko goma ne." Shugaba kuwa yana ƙasar waje, ya tafi wani taro ya ba da labarin nasarar da muka samu. Mataimakinsa ya karɓe ni da fara'a, ya ce ba zai tsallake umarnin da ba shi ya sa wa hannu ba.

Saura hanya ɗaya, Uwani ta je da ƙafarta. Ranar Talata Ummi ta shiga telesantar ɗin bakin titi, shagon buga tarho, ta kira gidan da Uwani ke haya. Aka kira ta ta zo, Ummi ta fara yi mata bayani a hankali, Uwani tana jin an ambaci sallama sai ta kashe. Aka sake kira, matar gidan ta ce ta fita. Laraba da safe aka ce ba ta kwana a gidan ba.

Ranar Larabar na hau mota na nufi yamma. Dattijon ya tarye ni a tasha da babur ɗinsa, bai ce mini komai ba sai sannu da hanya. Muka kwana, muka wayi gari muna bin ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, wannan ta tura mu wajen waccan. Sai bayan la'asar ɗin Alhamis muka same ta a wani shagon ɗinki a bayan kasuwa, tana kan keke tana haɗa rigar wata. Ashe nan take aiki tun da aka sallame ta. Ta rame, ta yi duhu. Tana ganina ta saki ƙafa daga keken.

Ta ce, "Yaya, Baba ne ya aiko ka?"

Na ce babu wanda ya aiko ni, ta tashi ta ɗauko katinta mu tafi. Ta ce in ta je za a rubuta wa babanta. Na ce ba za a rubuta ba. Ta ce ko ba a rubuta ba, magana ta riga ta fita, gobe duk Zango za a ji. Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ɗaga murya a gaban masu shagon, na ce ita ta lalata nata karatun, yanzu kuma tana so ta ja 'yar'uwarta su nutse tare. Na faɗi maganganu da yawa da ba zan maimaita ba. Ina yi mata tsawa a kan laifin da na san nawa ne, kuma ina sane a lokacin da nake yi.

Dattijon ya kama hannuna ya fitar da ni waje kamar yaro. Ya koma ya jawo benci ya zauna kusa da ita. Ban ji duk abin da ya ce ba. Na dai ji yana gaya mata shi ma an taɓa korarsa daga makaranta, ya yi shekara bai iya duban idon ubansa ba. Sun daɗe. Da ya fito ya ce ta yarda, amma an riga an tashi daga aiki, sai da safe.

Juma'a tun ƙarfe bakwai muna ƙofar ofishin shugaban sashen, mu uku. Bai iso ba sai tara da wani abu. Ya duba katin, ya duba jijman, ya dubi Uwani, ya sa hannu. Kafin ƙarfe goma dattijon ya shigar da gyaran a injinsa. Na yi ajiyar zuciya, na ce alhamdulillahi, saura awa biyu. Sai na ga yana kallona.

Ya ce, "Wa zai tura a can?"

Dillali ba ya kai saƙo nan take. Sau biyu yake zagayawa a rana, ƙarfe ɗaya da ƙarfe shida, haka na tsara shi saboda layin tarhonmu ba ya ɗaukar nauyi. In ana so ya tafi kafin lokacinsa, sai wani ya zauna gaban babban injin a Wagadugu ya tura shi da hannu. Ɗakin injin a kulle yake. Na sa hannu a aljihu na taɓa makullin. Ko da an ɓalle ƙofar ma, kalmar sirri da matakan duk a kaina suke, ban taɓa koya wa kowa ba, domin ina jin daɗin a ce in ba ni ba babu mai iyawa. Na kira ofishinmu, aka tafi neman mai gadi, aka tafi neman kafinta, ina riƙe da tarho ina kallon agogon bango. An buɗe ƙofar sha biyu ta gota.

Ummi tun safe tana zaune a benci a ƙofar madam da dosiye ɗinta, sauran takardun duka, a cinya. Takardar ta fito bayan an sauko daga masallaci. Ta karɓa ta hau babur ta tafi wajen masu karɓar takardun duk da haka. Suka ce mata an rufe jerin sunaye tun sha biyu, an ɗaure takardun, an ba wanda ke biye da ita gurbin. Suka ce ta sake gwadawa baɗi. Amma gurbin yana da iyakar shekaru, kuma a takarda an haifi Ummi ɗaya ga Janairu. A gaskiya sai bayan kaka aka haife ta, dab da ƙarshen shekara, uwata ma tana wajen. Da ainihin ranarta ce a rubuce, da tana da sauran dama ɗaya. A takarda kuwa baɗi ta wuce.

Na dawo gida ranar Asabar na tarar duk Zango inji ake zagi. Mata suna shiga gidan Alhaji suna jajantawa, ana cewa ai dama waɗannan injunan Turawa ba su san mutum ba. Mahaifiyata ta ce, "Kai ma ka yi iya ƙoƙarinka, har yamma ka je." Alhaji da kansa ya tare ni a ƙofar masallaci ya riƙe hannuna yana sa mini albarka. Na karɓi albarkar na ce amin. Mako biyu na yi ina ɓoye a bayan injin nan, ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Da abin ya ishe ni, wata yamma na same ta a zauren gidansu tana jera wa babanta turamen atamfa. Na ce ina da magana. Na gaya mata komai, gargaɗin dattijon, da jan biron, da makullin. Na ce ba inji ba ne, ni ne, na ga sunanta da idona na sa alama. Ta ci gaba da jera turamen har ta gama layin. Sannan ta ce, ba tare da fushi a muryarta ba, "Da a ce ka shigo ka tambayi Inna, Yaya. Taku goma ne." Ta ɗauki ragowar kayan ta shige ciki.

Na je wajen Alhaji ma na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce Allah bai rubuta mata tafiyar ba ne, in tashi in je. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga mini hannu. Bai yi ba, kuma bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Uwani ta zo da kanta ta gaya wa babanta gaskiya. Aka yi mako guda ana hayaniya, daga baya ya saya mata keken ɗinki.

A wajen aiki muka koma muka ƙara gurbin sunan uba da na uwa. Wata uku muka yi muna bin fayil-fayil, aikin da na ce ba mu da lokacinsa. Muka tarar ba su kaɗai na haɗe ba, akwai wasu, sai dai su an gano kafin ta ɓaci. Na yi makulli uku, na zaunar da mutum biyu na koya musu duk abin da na sani. Dattijon yamma ya yi ritaya ba tare da ya taɓa tuna mini ranar da ya ɗaga hannu ba. Ba a daɗe ba aka tashi unguwarmu, aka rushe gidajen, muka warwatse. Mu aka ba mu fili can wajen Waga 2000, su Alhaji suka koma wani gefen gari, ganin juna ya zama sai biki ko rasuwa.

Mutane sukan ce mini abin ya wuce, in yafe wa kaina, kuskure ne irin na kowa. Na san kuskure ne. Amma ba rashin sani ba ne ya jawo shi, an faɗa mini a gaban mutane na ƙi ji, saboda ina sauri in sha tafi. Har yau ina aikin nan, kuma duk sabon ma'aikacin da ya zo hannuna abu na farko da nake gaya masa shi ne, kafin ya ce layi biyu mutum ɗaya ne, ya tashi daga kujera ya je ya tambayi wani mai rai. Suna gyaɗa kai, suna ganin tsufa ne ya fara kama ni. Ba na gaya musu dalili. Ba kullum nake tuna abin ba, amma duk lokacin da na ga ɗalibai suna murnar tafiya karatu waje, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, kuma shekaru ba su rage nauyin ba.

Bayan shekaru da yawa mahaifiyata ta yi rashin lafiya, aka tura mu gwajin jini wani ƙaramin asibiti a Paspanga. Muna shiga ɗakin gwajin na ga Ummi ce a ciki da farar riga, ita kaɗai, da firji ɗaya da fanka mai ƙara. Ta durƙusa ta gaida tsohuwa, ta gaishe ni, ta tambayi yara. Ta ɗebi jinin a hankali, tana yi wa tsohuwa hira don kada ta ji zafi. Sannan ta ɗauki biro da kwalbar, ta tambayi cikakken sunan mai jinin. Mahaifiyata ba ta ji sosai a lokacin, don haka ni ta kalla.

Na miƙa mata katin asibitin na ce yana jiki. Ta ce ta gani, amma ita sai an faɗa mata da baki, da sunan uba da na uwa, haka take yi wa kowa. Ban taɓa furta sunan mahaifiyata ba tun da aka haife ni. Na tsaya ina jujjuya hula a hannu, ita kuwa tana jira, biro a kan kwalba, ba ta gaggauta ni ba. Na faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Ta rubuta, ta maimaita mini, ta ce haka ne? Na ce haka ne.

Ta manna takardar a jikin kwalbar ta sa a firji. Ta ce, tana wanke hannu, ba ta juyo ba, "Ka yi haƙuri, Yaya. Wani lokaci mutum biyu sukan zo da suna ɗaya."

Na kama hannun tsohuwa muka fito. A bakin ƙofa ta tambaye ni me yarinyar ta ce, na ce ta ce mu dawo jibi.